Fentin Ɗakin Inna

4 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yar jaririyar da har yau ko tafin ƙafarta ba mu gani ba. Ya aiki, ya tsayuwar shago? Mu nan alhamdu lillahi. Inna na gaishe ka, ta ce a gaya maka jiki da sauƙi, irin na manya ne, yau garau gobe sai a hankali. Duk abin da na rubuta sai na karanta mata kafin na liƙe ambulan, saboda haka kada ka sa ran gulma.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makarantar safiyo, ta koyon awon filaye, sun sake rubuto min. Ka san sau biyu ke nan ina roƙonsu su ajiye min gurbina, kuma sun ajiye. Wannan karon matar ofishin ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin magana ɗaya, wai babu na uku. Sun haɗo da takardar da zan sa wa hannu in mayar musu kafin ashirin ga Afrilu, a fara karatu tsakiyar Mayu. In ba su gan ta ba za su ba na bayana. Baɗi kuwa shekaruna sun haura abin da suke ɗauka.

Takardar na ƙarƙashin katifata. Kullum sai na zaro ta na duba, kamar wani abu zai canza a jikinta. Kai shaida ne, tun ina firamare nake kwance igiyar shanya ina auna tsakar gida, kana min dariya. Ina son karatun nan, Yaya, ban taɓa son wani abu kamarsa ba. Amma makarantar kwana ce, tafiyar yini guda daga nan, kuma ban san yadda zan yi da Inna ba. Ka karanta wannan layin da kyau.

Sauran labarin gida babu sabo. Famfon ya koma ɗigarsa. Bangon ɗakin Inna kuma ya fara ba mu aiki, shuɗin fentin nan da Baba ya shafa kafin rasuwarsa ya kumbura, yana zubowa kamar gari a kan matashinta. Kowace safiya sai na kakkaɓe shi daga gashinta.

Ka gaida Anti, ka ja min kumatun yarinya.

Ƙanwarka,
Auta

*

25 ga Fabrairu

Auta,

Wasiƙarki ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, sai yarinya da ke haƙori, ta mai da gidan kasuwa. Bayana na ɗan ciwo saboda ɗaga bokitai, amma ba abin faɗa wa Inna ba ne. Ki tsallake wurin in kin zo karantawa.

Maganar makaranta, barka da arziki. Sa hannu ki mayar musu, me kike jira? Na karanta layin naki da kyau kamar yadda kika ce, kuma na gane. Ke ce ba kya son sakin gefen zanen Inna. Auta ke nan, ko an yaye ta sai ta waiwayo. Matar da na bari tana ɗaukar bokiti biyu tana yi wa mai gyaran famfo faɗa, ita ce ba za ta iya dafa wa kanta abinci ba? Ita fa ta riƙe mu bayan Baba. Ki tafi abinki, hutu ya yi ki dawo ki ci gaba da shagwaɓa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bangon nan. A ce shekara huɗu ina haɗa wa masu kuɗi fenti daga safe zuwa yamma, uwata na kwana a ƙarƙashin garin bango. Ko a shago ban iya faɗa ba don kunya. Kafin ki tafi sai an gyara ɗakin, kuma fari za a yi masa.

Kada ki je ki ce wa mai kanti ya ba ki fari. Haka mutane ke shigo min, kamar fari guda ɗaya ne a duniya. A kan kantata akwai fari ya fi arba'in. Akwai mai ja zuwa madara, akwai mai ja zuwa toka, akwai farin ƙal mai kashe ido irin na asibiti. Abin da maigidana ya fara koya min shi ne, taga ce ke ba fenti launi, gwangwani ɗauko shi kawai yake yi. Ɗakin Inna kuwa ko idona a rufe na san shi. Tagar na kallon yamma, gabanta filin ƙwallo ne fayau, daga azahar rana ke cika shi har sai an saki labule. Ɗaki irin wannan in aka sa masa mai madara, da la'asar zai koma rawaya kamar tsohuwar jarida. Fari mai sanyi yake so, mara nauyi, da ɗigon toka da shuɗi kaɗan a ciki.

Na aiko miki ƙananan gwangwanaye uku a ƙunshi daban, za su biyo bayan wasiƙar. Na rubuta lamba a murfin kowanne. Ni lamba biyu na zaɓa, amma a bari bango ya yi magana. Ki kankare wuri, ki shafa kowanne girman faranti, ki bari ya bushe ki sake shafawa. Ki sa su daidai inda idon Inna ya fi sauka. Sannan ki duba da safe, da rana, da yamma, kwana biyu, ki rubuto min abin da kika gani.

In lamba biyun ce, ƙofa da katakon taga a yi musu toka mai haske. Labule ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu. Kada ki bari Inna ta sa ki sayo ja, na san halinta.

Ki gaishe ta sosai, ki ce ɗanta zai mai da mata ɗaki kamar na otal.

Yayanki

*

17 ga Maris

Yaya,

Muna gaisuwa, Allah ya ba yarinya sauƙin haƙori. Inna ta ce a shafa mata ruwan sanyi a dasashi. Maganar bayanka ban tsallake ba, na karanta mata, ta ce ka daina nuna ƙarfi a aikin wani. Ita jiki na nan yadda yake.

Wasiƙarka ta riga gwangwanayen isowa da kwana huɗu. Karɓo su daga gidan waya ya ci min awa biyu, sai da na roƙi matar maƙwabcinmu ta shigo ta zauna. Na yi yadda ka ce. Na shafa su inda idon Inna ya fi sauka, wato kamu biyu sama da katifa, ta hannun dama. Ka ce kwana biyu, ni na yi sha ɗaya, tunda ba wani wurin nake zuwa ba. Ga abin da bangonka ya faɗa.

Ƙarfe bakwai na safe duka ukun toka ne, ba ka bambance su da tsohon shuɗin. Ƙarfe takwas haka, ƙarfe tara haka, har lokacin ƙwan lantarki a kunne yake. Wajen goma lamba ɗaya ke ɗan farfaɗowa. Sha ɗaya lamba biyu, zaɓin gwani, ta fara ja zuwa kore. Sha biyu ta ƙara. Ƙarfe ɗaya da kwata rana ke shigowa, siririya kamar rula, ta kwanta a kan dakalin taga minti ashirin ta fita, ba ta taɓa kai wa bango. Daga biyu zuwa huɗu lamba biyu kore ce sosai, irin na ruwan da ya kwana biyu a kwata. Lamba ɗaya ma ta bi ta. Lamba uku mai madarar nan da ka raina ita ce ke ɗan riƙe mutuncinta. Biyar na yi sai in kunna ƙwai. Kwana sha ɗayan nan babu ranar da ta saɓa, sai ran da aka yi hadari, ita kuwa tun safe yamma ce.

Na tambayi Inna wanne take so. Ta daɗe tana kallo, ta ce duk wanda ɗanta ya zaɓa. Na ce ɗanki ya zaɓi ruwan kwata. Ta yi irin dariyar da take iya yi yanzu.

Labule kada ka wahalar da kanka, tun bara na cire shi na naɗe, babu abin da yake tarewa. Ƙofa kuma ko wane launi aka yi mata daidai ne, Inna ba ta cika ganin bayanta ba.

Na ga abin da ka ce a kan gefen zane. Ba zan ja da kai ba, kai ne babba. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo. Takardar ban sa mata hannu ba tukuna. Saura kwana talatin da huɗu.

Ƙanwarka,
Auta

*

5 ga Afrilu

Yaya,

Da fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu muna nan. Inna na barci, wannan ba zan karanta mata ba.

Kullum ƙarfe sha ɗaya nake jin kararrawar keken mai raba wasiƙu. Yana wuce ƙofarmu ko rage gudu ba ya yi. Daga inda nake zaune ba na ganin titi, jin sa kawai nake.

Akwai abin da aka sa na rantse ba zan faɗa maka ba, hannuna a cikin hannun mai sa ni rantsuwar, kuma ba zan faɗa ba. Amma ban rantse a kan bango ba. Duk abin da zan iya gaya maka na gaya maka a wasiƙar da ta wuce. Kai ne gwanin fenti, ka koma ka karanta.

Na gaji, Yaya. Ba na son in faɗa, amma na gaji. Jiya na tsinci kaina ina auna ɗakin nan da taku, shida a tsaye, biyar a kwance, ina zuwa ina dawowa har Inna ta tambaye ni ko wani abu na yar.

Saura kwana goma sha biyar. In amsarka fenti ce, ka riƙe abinka.

Auta

*

9 ga Afrilu

Auta,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Ya jikin Inna? Wannan karon gaskiyar nake tambaya.

Wasiƙarki ta sha bakwai ga Maris ta yi mako biyu a aljihun rigar aikina. Ran da ta zo na karanta a tsaye ina dariya, na ce yarinyar nan ta tsoma burushi mai datti a gwangwani, ko ta haɗa murafen. Na ce in na samu sarari zan rubuto in tsokane ki.

Shekaranjiya wani mutum ya shigo yana faɗa, wai na sayar masa da fari ya koma kore a ɗakinsa. Irin lamba biyun nan ce. Maigida ya ce in bi shi in gani. Ina shiga na nufi taga, don can ake fara dubawa. Katangar maƙwabcinsa ce a tsaye dab da gilashin, an shafe ta da kore. Ina cikin yi masa bayani sai ɗakin Inna ya faɗo min a rai. Na fita na zauna a kan matakalarsa na zaro wasiƙarki.

Ashe an yi gini a filin ƙwallon. Gini ne dogo, tunda minti ashirin kawai rana ke samu, kuma kore ne. Ni ina nan ina zaɓa wa ɗakin da babu shi fenti. Tun yaushe?

Na ce ki shafa inda idonta ya fi sauka, kika ce kamu biyu sama da katifa. Mai zama ba nan yake kallo ba, balle mai tsayuwa. Kika ce ba ta ganin bayan ƙofa. Kika ce sai da aka zauna miki kafin ki je gidan waya. Kuma babu mai iya faɗin launin bango awa bayan awa har kwana sha ɗaya sai wanda ba ya fita daga ɗakin. Inna a kwance take, ke kuma kina gefenta. Shi ya sa kika ɗaga karatu sau biyu, ni ina ce miki shagwaɓa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa har da rashin tambaya. Na san aikin Inna ne, ita ta hana ki faɗa don kada in bar aiki. Ki yafe min, Auta. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na yi magana da maigida. Ya ce in cika masa wata, na yarda, don ya yi min halacci. Antinki ta fara ɗaure kaya, ko musu ba ta yi ba. Uku ga Mayu muna hanya, kuma zama za mu zo yi. Mai burushi ba ya rasa bango a ko'ina. Ke kuwa ki zaro takardar nan ki sa hannu yau, kada ki kwana da ita. In kin ga gidan waya zai makara, ki ba direban motar safe ya kai musu hannu da hannu.

Jiya na tsaya bayan an tashi na haɗa fentin da ya dace da ɗakin yadda yake yanzu. Fari ne mai ɗumi, ya fi lamba uku haske, na ɗiga masa ja kaɗan don ya kashe koren. Katakon taga a yi masa fari ƙal ya jawo ɗan hasken da ke akwai. Zanen gado kuma a bar Inna ta sa janta, yanzu zai zauna daidai. Na sa wasiƙar nan a cikin kwalin tare da gwangwanin don su iso tare, kada ki ce na sake aiko surutu hannu rabbana.

Ki shirya akwatinki.

Yayanki

*

28 ga Afrilu

Yaya,

Muna lafiya. Ban sani ba ko wannan za ta same ka kafin ku taso, amma gara in rubuta da in faɗa maka a ƙofar gida.

Ran sha shida ga wata mai keke ya tsaya a ƙofarmu. Na fita ko takalmi ban sa ba. Ya miƙo min 'yar takardar gidan waya, wai ina da ƙunshi, kilo biyar, in je da kaina in karɓa. Na tambaye shi babu wasiƙa, ya ce babu. Kilo biyar, na san fenti ne. Na ce na nemi yaya an aiko min gwangwani. Na danne takardar da kofin maganin Inna na bar ta nan.

Ba zan ɗora maka duka ba. Ran sha takwas matar maƙwabcinmu ta leƙo ta ce in ina da wurin zuwa za ta zauna min. Na ce mata ba ni da shi. Haushi ne ya hana ni, ba komai ba. Ran ashirin na yi wa Inna wanka, na juya ta, na ba ta abinci, na zauna. Ran ashirin da biyar makaranta suka rubuto, layi uku, sun ba wani, suna min fatan alheri. Washegari gidan waya suka aiko cewa za su mayar da kaya inda ya fito, shi ne na je. A kan kantarsu na farke kwalin. Na karanta wasiƙarka a tsaye, mutane na ture ni, sai da ma'aikacin ya ce in matsa in ba na baya wuri. Kwana goma tana jirana a kan shiryayye, tafiyar rabin awa daga gida.

Ka yi tambaya, ga amsa, tunda da kanka ka gano, rantsuwata ta sauka. Ginin shekararsa uku, hawa huɗu ne. Inna kuma shekara biyu da wata biyar ke nan da ta faɗi a banɗaki. Ɓarin hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Bakinta ya dawo, hankalinta garau. Na gaya mata ka sani kuma kana tafe. Ta juyar da fuska. Da yamma ta tambaya ko da yarinyar za ku zo.

Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina fiye da naka. Na Inna kuwa ban san inda zan ajiye shi ba, don duk lokacin da na ɗago shi sai in ga tana ƙoƙarin jan bargo da hannu ɗaya. Abu ɗaya nake roƙo. In ka zo kada ka ce min za ka je ka roƙi matar ofis, kada ka ce Allah zai kawo wata. Bakin alƙalami ya bushe. Wata rana zan iya jin maganar, yanzu ba zan iya ba.

Kada kuma ka fasa zuwa. Na share ɗakinka, na wanke wa Anti tukwane. Ku taho da gidan sauro na yarinya.

Fentin na shafa kaɗan a gefen ukun farko. Ka yi daidai, har ƙarfe huɗu fari ne. Sauran yana nan a rufe a bayan ƙofa. Ba a fentin ɗaki da mutum a ciki, sai an fitar da Inna, kuma ni kaɗai ba na iya ɗaga ta. Shekara biyu da wata biyar ba ta ga tsakar gida ba. In ka iso ka kama ta kafaɗu, ni in kama ƙafafu.

Ƙanwarka,
Auta